Fitilar da Ta Karya Mana Azumi a Kurmin Gabon

A Kalaba aka fara cutata, kuma ba baƙo ne ya cuce ni ba, namu ne, mai hula da carbi.

Sunana Sabo. A Gwarzo Sabo Waya ake ce mini, don haɗa wutar lantarki na koya kafin in bar makarantar sana'a ba tare da na gama ba. To ka ji sana'a: mai haɗa wuta a garin da wutar kan yi mako ba ta leƙo ba. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano kowa yana kabbara, ni ma na yi, amma da na dawo gida tukunya tana nan yadda na bar ta. Gero ya yi tsada, naira ta zama takarda. Shi ya sa da wani Alhaji mutumin Kabo, mai safarar mutane zuwa Gabon, ya ce akwai otal a babban birninsu da ke neman mai wuta, ko sunan otal ɗin ban tambaya ba.

A bakin ruwan Kalaba ya dubi akwatin kayan aikina ya ce, "Malam Sabo, bar wannan a hannuna. In 'yan kwastan suka gani ƙwacewa za su yi. Zai biyo ka a jirgin gaba."

Ya biyo ni ɗin. Har yau yana tafe.

Jirgin da muka shiga ba jirgi ba ne, ƙaton kwalekwale ne da aka liƙa wa inji. Aka cusa mu tsakanin buhunan garin rogo da jarkokin mai. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na madatsar garinmu ba, na yi amai har abin da zan amayar ya ƙare. Wata mata da ke gefena, wadda ko yarenta ba na ji, ta miƙo mini ɓawon lemo ta nuna mini in riƙa shinshinawa. Ban san sunanta ba, amma ita kaɗai ce a wannan ruwa ta dube ni a matsayin mutum.

Ba a tasha aka sauke mu ba, cikin taɓo aka zubar da mu, ya kai mana gwiwa. Jandarmomi suna tsaye a kan tudu suna jira kamar an yi musu alƙawari. Ba su tambayi takarda ba, hannu suke dubawa. Duk mai agogo suka kwance. Nawa na auren fari ne, surukina ya ba ni. Wanda ya cire shi ya kara a kunne, ya ji yana tafiya, ya yi mini murmushi har da godiya.

A babban birnin babu otal, babu labarin otal. An ajiye mu a bayan wani shago muna kwana a kan kwali, sannan aka loda mu a tirela zuwa wani sansanin yanka katako can cikin kurmi. Wanda bai ga kurmin nan ba ba zai gane ba. A garinmu in ka tsaya a bakin gona kana hango ƙarshen duniya. A can itatuwa sun haɗe sama, rana sai ta tsaya tsaka kake ganinta, da ta karkata kuwa shi ke nan, sai dai labari. Ga ruwan sama ba dare ba rana. Riga ba ta bushewa, ciwo ba ya warkewa, hatta gishiri kuka yake a gwangwani.

Mun tarar da Hausawa a can, namu da na Nijar, kuma tukunyarsu ɗaya. Wannan tukunya ita ce rayuwa. Wanda yake cikinta, in zazzaɓi ya kwantar da shi akwai mai ba shi ruwa, in ya mutu akwai mai yi masa wanka da salla. Wanda aka fitar, sai kurmi. Na shiga, na yi hamdala.

Mai ja mana salla wani Nafi'u ne ɗan Garo, Ustaz ake ce masa. Ban girme shi da yawa ba, amma ya fi ni gemu da baki. Shi kaɗai ya tsira da agogo, a cikin safa ya ɓoye. Sai dai damshin kurmi ya riga ya kashe agogon tuntuni. Duk da haka kullum yana ɗaure da shi, in zai tayar da salla har ya ɗan duba. Akwai kuma Baba Haruna mutumin Lakwaya, dattijo, jinin masu kiwo ne, tsadar rayuwa ta cinye masa shanu ɗaya bayan ɗaya har ta koro shi nan yana ɗaukar katako da furfura. Yana da gyambon ciki. In yunwa ta kama shi sai ka ga ya dafe ciki ya yi shiru, bai taɓa cewa wayyo ba.

Ni da aka gane ina taɓa waya sai aka ba ni kula da fitilun fili. Manyan fitilu ne a kan falwayoyi, janareto ke ba su wuta, kuma ba mutum ke kunna su ba. A saman wata falwaya akwai ɗan akwati kamar gwangwanin madara mai gilashi a goshi. Idon fitila muke ce masa. In ya ga gari ya yi duhu sai ya kunna, in ya ga haske ya kashe. A cikinsa akwai ɗan noti da ake murɗawa, shi ke gaya masa iya duhun da zai jira.

Dokar wurin kuwa ita ce ba a tashi aiki sai fitila ta kama. Shugaban leburori, wanda kowa ke kira Shef, ɗan ƙasar ne mai usur a wuya da agogo a hannu, agogon da ba ya nuna wa kowa. Tun kafin in zo ya sa an murɗe notin nan ƙarshe, don haka fitila ba ta kamawa sai jemagu sun gama fita, sai mutum ya daina ganin tafin hannunsa.

Ban jima ba na fahimci halin abin. Da rana ido ne na gaske, yana bambance hantsi da azahar. Amma da haske ya ragu sai ya zama dundumi. Kamar sikelin da ake auna buhun gyaɗa ne a kasuwa: ɗora buhu, zai gaya maka gaskiya, amma ɗora masa barkono cikin tafi, ko ka ƙara ko ka rage allurar ba za ta motsa ba. Haka idon nan yake. Daga lokacin da rana ta yi ja har zuwa duhu, duk abu ɗaya ne a wurinsa. Na gwada shi da kaina, ina rufe gilashin da tsumma ninki-ninki. In na murɗa notin kaɗan zuwa dama, gajimare ma in ya gifta sai ya kunna. In na mayar da shi kaɗan zuwa hagu, sai dare ya tsala. Tsakanin nan babu wurin tsayawa. Ga gansakuka da ke rufe gilashin bayan 'yan kwanaki, ga inuwar itatuwa da ke duhunta filin tun rana tana sama. Wanda ya ƙera shi bai ƙera shi don ya san faɗuwar rana ba. Don kada a yi tuntuɓe da gungume ya ƙera shi.

Sai azumi ya zo. Wani direban tirela ne ya kawo mana labarin an ga wata.

Ranar farko muka tsaya cirko-cirko a fili muna duban sama. Babu ladan, babu rana, babu agogo. Ko da agogon ma, wa ya san ƙarfe nawa rana take faɗuwa a wannan ƙasa? Wani ya ce ta faɗi, wani ya ce da saura. Wani ya je ya tambayi Shef, ya ce masa da sauran awa guda, alhali sauro ya riga ya fara cizo.

Bayan tarawi Ustaz ya gyara murya ya ce, "Jama'a, Allah Ya kawo mana sauƙi. Ga fitila nan. In ta kama, dare ya shiga. Ita ce ladaninmu."

Na ce, "Ustaz, a yi haƙuri. Ni nake hawa falwayar nan. Abin nan makaho ne da yamma. Bai san magariba ba, bai san isha ba."

"To kai ka sani?"

"Ban sani ba. Amma akwai inda kogi ya yi kwana bayan sansani, wurin da mata ke wanki. Can yamma a buɗe take, ana ganin rana har ta nutse. A tura mutum ɗaya kullum ya zauna, in ta faɗi ya buga ƙarfe."

Ya yi dariya, ya dubi jama'a. "Ku ji Sabo Waya. A tura mai jin yunwa ya duba mana rana! Ai tun la'asar zai ga ta faɗi. Inji kuwa ba ya jin yunwa, ba ya jin ƙishirwa, ba ya son kai. Bature ne ya auna shi."

Aka bushe da dariya. Wani ɗan Maraɗi ya ce, "Wallahi Ustaz ya yi gaskiya, in ni aka tura, da hantsi zan buga." Aka ƙara dariya, magana ta mutu. Mutanen da in ka ce musu Bature ya ce a yi kaza za su tofar da yawu, su ne yau suka miƙa wa gwangwanin Bature azuminsu, don kawai mai gemu ya ce.

Daga ranar azumin kowa ya dawo wuyana. In na wuce sai a ce, "Ladan, yaya makogwaro?"

Kwanakin farko mun sha wuya. Notin yana inda Shef ya bar shi, don haka muna ɗaukar katako da baki a bushe har sai duhu ya rufe. Magariba ta wuce, mu muna nan muna jiran gwangwani ya yi mana izini. Wata yamma na ga Baba Haruna ya durƙusa a bayan tarin katako yana tofar da wani abu baƙi. Na ce, "Baba, ka sha ruwa mana, wallahi rana ta daɗe da faɗuwa."

Ya goge baki ya ce, "Na sani, ɗana. Jikina ya gaya mini. Amma in na sha ni kaɗai a gaban yaran nan, me za a ce? Tsoho ya kasa."

A daren Ustaz ya zo ɗakinmu da mutum uku. Shi ma ya galabaita, leɓensa duk ya tsage.

"Sabo, jinkirta buɗa baki ba sunna ba ne. Ka hau ka gyara abin nan ya riƙa kamawa daidai faɗuwar rana."

"Babu daidai a cikinsa, Ustaz. Ko ya yi gaba ko ya yi baya. Na gaya muku."

"Kai dai ka ce ba ka iya ba. Ko Shef kake tsoro? Wato kafiri ya fi maka 'yan'uwanka?"

"Ba batun tsoro ba ne. In na matsa shi, ranar da hadari ya taso zai kunna da rana."

"In sha Allahu ba zai kunna ba. Kai ka yi naka, ka bar wa Allah nasa. Dubi Baba Haruna. In ya mutu, ka san wanda ya kashe shi."

To me zan ce? Tukunyarsu nake ci. Da sassafe na jingina tsani na hau, da sukudireban aro, na matsa notin kamar kaurin farce. Na goge gilashin da bakin rigata. Da na sauko na sake faɗa musu, a gaban kowa, cewa ban ɗauki alhakin abin nan ba. Ustaz ya ce, "Mun ji, Allah Ya yi albarka."

Aka yi kwanaki fitila tana kamawa da sauran haske. Kowa ya ji daɗi. Ana tashi aiki da wuri, ana shan ruwa da wuri, Baba Haruna ya ɗan farfaɗo. Aka fara zuba mini tsoka biyu a miya. Shef yana duban agogonsa yana duban falwaya yana ƙunƙuni da Faransanci, amma bai gano ba tukuna. Ni kuwa kullum in na kai kofi baki, ban san ko rana ta faɗi ko ba ta faɗi ba. Ba wanda ya sani. Kurmi ya rufe mana asiri.

Ranar da asirin ya tonu muna cikin goman tsakiya. Da yamma hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, irin wanda ke sa kaji su shiga akurki. Iska ta tsaya cak. Fili ya yi duhu. Ina ɗauke da wani katako na ji ƙarar nan da na sani, ƙas, sai fitilu suka fara ja suna haske.

Na yar da katakon na ɗaga murya. "Kada ku sha! Hadari ne! Wallahi hadari ne!"

Wa zai ji? Ustaz ya riga ya ɗaga buta yana addu'ar buɗa baki da ƙarfi. Mutane suka ruga wurin randa. Wani ya tura mini kofi ya ce, "Sha mana, ladan, kai da ka kira salla!" Na dubi sama, duhu ne sosai, na ce ko dai ni ne na rikice? Na kurɓa. Aka jiƙa garin rogo da sukari, aka zauna, ana ci ana santi.

Ruwan bai ma zuba ba. Iska ta zo ta kwashe hadarin ta yi kudu da shi. Sai ga haske yana dawowa kamar ana buɗe ƙofa. Saman itatuwan da ke gabas da mu ya yi jawur, rana tana dukansu sosai, kowane ganye ana ganinsa. Fitilun suka yi ƙas suka mutu.

Ga mutane da loma a baki, ba su haɗiye ba, ba su tofar ba. Ɗan Maraɗin nan yana riƙe da cokali a sama kamar an dasa shi.

Shef ne ya fara magana, da usur. Ya zo yana nuna agogo yana nuna falwaya yana zagi. Ya tambaya wa ya taɓa akwatin. Hannun Ustaz, mai mataccen agogo, shi ya nuno ni. Nan take aka karɓe tsani da sukudireba, aka mayar da ni cikin masu tura gumagumai a taɓo.

Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Bayan sallar isha Ustaz ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Wannan bawan Allah ya yi wasa da ibadarmu. Ya san abin zai kunna da rana, da bakinsa ya faɗa, amma ya hau ya murɗa. Wanda ya sani ya aikata, ganganci ya yi. Kaffarar kowa tana wuyansa, sittin-sittin."

Na miƙe. "Kai Nafi'u, ka ji tsoron Allah. Wa ya zo ɗakina da mutum uku? Wa ya ce inji ba ya jin yunwa?"

"Ka ji ko? Yanzu ma Nafi'u nake, ba Ustaz ba. Ni na ce ka gyara, ban ce ka ɓata ba."

Na dubi mutum ukun nan ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana duban tabarma, wancan yana jan carbi, na ukun ya tashi wai zai kama ruwa. Wanda ya tura mini kofi ɗazu shi ne ya ce, "Gaskiya dai ba a cin abinci da mai karya wa mutane azumi." Ba wanda ya musa. Kowa yana neman inda zai sauke kunyarsa, ga ni a tsaye. Da asuba na je sahur na tarar an ajiye kwanona a waje, a kife.

Baba Haruna ne kaɗai ya ɗauki nasa kwanon ya fito ya zauna kusa da ni. Na ce, "Baba, koma ciki. Kai ba ka da lafiya, kana bukatarsu."

Ya ce, "Saboda cikina ka hau falwayar nan. Zauna mu ci."

Sauran azumin a kwanar kogi muka ƙarasa shi. Turin gumagumai a bakin ruwa ake yi, don haka da yamma muna kusa. Akwai wata mai sayar da rogon da ake dafawa a ganye, Mama Odet, Kirista ce, tana da rumfa a wurin. Ta ga muna zama kullum muna kallon yamma ba ma cin komai, ta tambayi wani da hannu, aka yi mata bayani. Daga ranar sai ta riƙa ajiye mana rogo biyu da ɗan busasshen kifi a kan dutse, ta koma gefe ta tsaya ita ma tana kallon ranar. In ta nutse sai ta tafa hannu ta ce, "Ale, ale!" wato mu ci. Wani lokaci gajimare ya rufe, ba a ganin komai. Sai Baba Haruna ya ce, "Mu ƙara jira kaɗan. Wanda ya jira bai yi asara ba sai ta yawu." Mu jira har mu tabbata.

Can cikin sansani kuwa an mayar da noti inda yake tun farko. Muna gama cin rogonmu, mu yi magariba, mu zauna hira, sannan mu hango fitilu sun kama, mu ji Ustaz yana addu'ar buɗa baki. Ba su fasa bin gwangwanin ba. Ba wanda ya zo kogi ko sau ɗaya. Zuwa kogi yana nufin Sabo ya yi gaskiya.

Bayan salla ƙarama na bi wata tirelar katako na fito. Baba Haruna bai biyo ni ba, ya ce ba zai koma Lakwaya hannu biyu ba. Daga baya na ji cikin nan ya kashe shi a damina ta gaba. An ce Ustaz ne ya yi masa salla. To, ko ba komai an yi masa.

Da na dawo na je wurin wani tsohon malami a Masanawa na kwashe labari na gaya masa. Ya ce babu kaffara a kan kuskure, in rama ranar da muka ga rana, da duk ranar da zuciyata ba ta natsu ba. Na ce, "Malam, ai tun da na taɓa notin nan ba ranar da ta natsu." Ya ce to ka san abin yi. Na rama su duka, a cikin zafin bazara.

Nafi'u ma ya dawo. Yanzu babban mutum ne, yana cikin kowane kwamiti, agogonsa na yanzu yana tafiya. Mun haɗu a wata jana'iza a Kabo, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam Sabo, abin da ya wuce ya wuce. Ni dai na yafe maka." Na zare hannuna na goge a riga.

Kwanan baya aka kafa fitilu masu aiki da hasken rana a layinmu, kowace da idonta a ka. Azumin da ya wuce ina zaune a ƙofar gida na ji maƙwabcina yana ce wa iyalinsa, "Ku kawo kunu, ga fitila ta kama." Na gaji da gaya wa mutane.

Ni dai har gobe, in yamma ta yi, sai na taka zuwa bayan gari inda gonaki suka buɗe, in tsaya in ga ta nutse da idona, sannan in juyo gida. Matata kullum sai ta yi mita, wai ladan ya daɗe da kira, kunu ya huce.

Ya huce ɗin. A haka nake shan abina.